Shekarar da Muka Sha Iri

Makon jiya jikokina suka rushe tsohon rumbun da ke jikin katangar gidanmu, wai za su yi shago mai rufin kwano a wurin. Ban hana su ba. Ya fi shekara goma babu mai kwana a cikinsa sai ɓera da kyankyaso, ni kuwa da ko jaki ba na iya hawa yanzu, ina ni ina hawa rumbu. Na zauna a kan buzuna ina kallonsu suna dukan laka da gatari suna dariya. Ƙaramin cikinsu ya ce, "Kaka, mi kaka kallo haka? Ko akwai zinari ciki?" Na ce ya yi aikin gabansa ya rabu da ni. Amma tun daga ranar wani tsoro da na yi ina saurayi ya dawo mini, har yana hana ni jin daɗin tuwo, shi ya sa na ce bari in faɗe shi ko ya sake ni.

Yaran yanzu ba su san iri ba. Damina ta matso, mutum ya sa hula ya tafi wurin malaman gona, a auno masa a ɗan buhu, ja wur da magani, bai san gonar da ta haife shi ba. A zamaninmu iri gado ne. Ranar girbi mahaifina yakan riga kowa shiga gona, ya bi kunya-kunya shi kaɗai, yana sunkuyo da kan gero yana dubawa, yana murzawa da yatsa. Wanda ya cika har baki, babu tsutsa babu baƙi, shi yake yankewa ya rataya a kafaɗa. Sai ya tara dami guda sannan ya ɗaga hannu mu shiga. Wannan damin da kansa yake ɗaure shi, ya barbaɗe shi da toka, ya hau da shi can ƙololuwar rumbu. Na ga shekarar da muka wuni a kan tafasa da rama, ƙannena suna kuka, damin nan yana bisa kanmu, ko kallonsa ba a yi ba. Yakan ce, "Kowa na iya taɓa komi gidan ga, ban da wanga." Geron nasa dogo ne, kansa ya kusa kai tsawon hannun babban mutum, daga kakansa ya gaje shi. Daga Ƙofar Atiku har Wamakko ba a kiransa da sunansa, sai dai mai dogon gero.

Ba a daɗe da shigowar Nasara birni ba mahaifina ya rasu, ya bar ni da Inna da ƙanne huɗu da amaryata mai ƙaramin ciki. Gemu bai gama fito mini ba na zama maigida. Wanda bai ga wannan lokacin ba ba zai gane irin shirun da birni ya yi ba. Kasuwa tana ci, amma kowa murya ƙasa-ƙasa. Da safe, bayan an idar da salla, sai ka ji ƙahon soja daga bariki, sautin da kunnenmu bai taɓa sani ba, har karnuka su ɗauka. Manya sun tafi gabas, wasu sun dawo kansu a ƙasa, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Aka kuma riƙa raɗe-raɗin abin da ya sami wani gari da ya ɗaga kai, ana cewa ko kaza ba a bari ba. Tambayar da ke cin kowa ita ce, ƙasar nan har yanzu tamu ce ko ta tashi daga hannun Allah? Malaman birni suka ce a yi haƙuri, a riƙe addini a zuci. Ni haƙurin bai shige ni ba. Ina tsoron Nasara, ina tsoron mutuwa, na fi tsoron in mutu ina cikin waɗanda suka zauna.

A haka wani Malam ya sauka a wani zaure a Unguwar Rogo. Ɗan siririn mutum ne mai sanyin murya, ɗan manoma, tafin hannunsa duk kanta. Bai ce shi ne kowa ba. Abin da ya ce kawai, zamani ya zo ƙarshe, wanda ake jira ya kusa bayyana daga gabas, mu tsarkake zukatanmu, mu rage kaya, mu zauna da shiri. Bayan la'asar mukan zauna sahu-sahu muna zikiri a hankali don kada dogarai su ji, sautin kamar na ƙudan zuma. Wallahi a nan na fara barci mai daɗi tun rasuwar mahaifina. Mutanen gari suka sa mana suna 'yan jira, suna yi mana dariya, mu kuwa muna jin tausayinsu. Akwai manoma a cikinmu, da majema, da masaƙa. Malam ya san mahaifina, yakan tambaye ni gonarmu, har in ji kunya wai mutumin Allah yana zancen taki.

Mutum biyu ne ke gefensa. Ɗaya marini ne, ɗan birni, ƙato mai zafin zuciya, hannunsa baƙi har gwiwa saboda shuni. Ɗayan tsohon Ladan ne, manomi daga wajen Wamakko, shi ke kira mana salla da wata murya mai rawa. Da bazara ta yi nisa Malam ya ce zai shiga halwa ta kwana arba'in. Ya shiga wata bukka a bayan zauren, aka saki asabari. Doka ɗaya ya bari, kada kowa ya yi masa magana ko da gobara ta tashi. Da yamma a ajiye masa ƙoƙon fura da buta a bakin ƙofa, shi ke nan.

Kwana uku da shigarsa marini ya tafi ya cike rijiyoyin rininsa da ƙasa, guda uku, na gado, da rana tsaka kowa yana gani. Ya dawo zauren jikinsa duk ƙura, idonsa ja. Ba zan yi masa ƙarya ba yau da yake ƙasa, mutumin nan da gaske yake. Bayan zikiri ya miƙe ya ce, "Ni na rage kayana. Majemi ya zubar da jimatai, masaƙi ya karya masaƙatai. Ku manoma mi kunka bari? Kowane ɗayanku na da dami bisa rumbu shina jiran baɗi. Wanda yas san babu baɗi, mi za shi yi da iri? A kawo shi a yi hura, jama'a ta sha sadaka. Kuma bana babu mai shuka."

Sai Ladan ya gyara murya ya ce, "Malam bai ce hakanan ba."

Marini ya ce, "Ya ce a rage kaya."

Ladan ya ce, "Iri ba kaya ba na. Kai ba ka taɓa riƙa sungumi ba, ba ka san abin da kaka hwaɗi ba. Na tsuhwa cikin karatu ban ji inda anka ce shuka shakka ta ba. Mu jira shi hito mu tambaye shi."

Marini ya ce, "In wanda muka jira yat taho gobe, yat tarad da kai duƙe cikin gona hwa? Mi za ka ce mai? Ka ce ba ka tabbata ba?"

Wannan tambayar ita ta kashe mu. Ladan ya ba da amsa mai hankali, na san ya bayar, amma ban ji ta ba. Na ga kaina a gona da laka a ƙafa, tutocin wanda ake jira suna wucewa, babu mai waiwayo na.

Kafin mako ya zagayo jama'ar da ke cin tuwo a akushi ɗaya ta rabu biyu. Aka sami masu yaƙini da masu shakka, kuma ba masu shakkar ne suka raɗa wa kansu sunan ba. Idan Ladan ya kira salla, rabin zaure su yi zamansu sai wani saurayi ya sake kira. Aka daina ba masu shakka hannu. Buta idan mai shakka ya taɓa, sai an ɗauraye. Wa da ƙani suka daina gaisawa. Maganar da marini ya yi da bakinsa ta bi gari ta dawo ta zama wai Malam ne ya faɗa kafin ya shiga, har aka sami masu rantsuwa sun ji da kunnensu. Ga bukkar nan taku goma daga inda muke gardama, muna jin tarinsa, amma babu mai ƙarfin halin ɗaga asabari. Ga kuma ɗaya tsoron, kada hayaniyarmu ta kai kunnen dogarai ta wuce bariki. Saboda haka ko zagi a raɗa ake yinsa. Ban taɓa ganin abin tsoro kamar manyan mutane suna kafirta juna a raɗa ba.

Gida-gida aka fara kawo dammunan iri. Kullum da hantsi marini yakan tsaya a ƙofar zaure ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ba ya kiran suna. Ranar da idonsa ya daɗe a kaina, na tashi na nufi gida. Na jingina tsani na hau rumbu. Ƙamshin tokar da mahaifina ya barbaɗa da hannunsa ya buge ni, domin wannan damin shi ne na ƙarshe da ya zaɓa, ɗaurin ma nasa ne. Ina saukowa na tarar da Inna tsaye a gindin tsani, hannunta da ƙullun da take damawa.

Ta ce, "Ina kaka zuwa da shi?"

Na ce, "Sadaka, Inna."

Ta ce, "Irin ubanka na."

Na yi mata wa'azi. Ni, da ko izu goma ban haɗa ba, na tsaya ina yi wa matar da ta haife ni bayanin ƙarshen duniya. Ta bari na gama, sannan ta dubi ɗakin amaryata ta ce, "Wanda ag ga cikin can, shi ma ka gaya mai babu baɗi?" Na ce Allah ne mai ciyarwa. Ta ce, "Shi na. Shi yab ba kakanka wanga iri. Kai am maigida, ba ni kama hannunka. Amma cire mani kai ukku." Na hana ta. Kai uku kacal ta roƙa, na hana, domin ina tsoron a ƙirga a lahira a ce na rage. Wannan ita ce wautar da ta fi kowace wauta a rayuwata, kuma na yi su da yawa.

Matan jama'a suka sussuke shi a bayan zaure. Duk manomin da ya ji lugude a irin wannan lokaci, rumbuna sun yi ƙasa, hadari ya fara haɗuwa, ya san abin da ake dakawa. Maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga suna salati. Da yamma aka dama, aka zuba nono, aka zagaya da ƙwarya. Marini ya dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce na cika mai yaƙini. Na kafa kai na sha. Da zan iya cewa ta yi mini ɗaci da na faɗa, amma ban taɓa shan fura mai daɗinta ba.

Bayan kwana shida ruwan shuka ya sauka, mai yawa, har kwaɗi suka yi ta kuka. Da gari ya waye duk birni ya fita da sungumi da ƙwarya, mu muna zaune a zaure muna jin ƙamshin ƙasa. Na ga manoma irina suna murza yatsun ƙafa a kan tabarma kamar masu jin ƙaiƙayi. Can sai labari ya zo, Ladan yana shuka a wata gona a bayan ganuwa. Marini ya zaɓi samari biyar, har da ni, ya ce mu je mu tone duk ramin da aka rufe, don kada zunubin mutum ɗaya ya hana a bayyana mana.

Mun same shi rana ta ɗaga. Ga wanda bai san shuka ba, namiji ne ke gaba da sungumi yana sara rami a kowane taku, na baya yana jefa iri yana rufewa da diddige. Tsohon yana gaba yana haki, sara ɗaya hutu ɗaya. Mai bin bayansa mace ce da ƙwarya a hannu, ta yi ɗamara da gyale. Tun daga nesa na gane tafiyar. Inna ce. Gonar ma da na duba, tamu ce. Ta je ta roƙi Ladan iri, ya ba ta rabin nasa, da ya ga ba ta da namijin da zai sara mata, ya bar tasa gonar ya zo.

Abokan tafiyata suka tsaya suna dubana. Ɗaya ya ce, "To, kai za ka hwara." In na tone abin da uwata ta rufe da ƙafarta, na san inda zan kwana a lahira. In na juya ban tone ba, na fita daga masu yaƙini, kuma a lokacin na yarda har zuciyata cewa tutocin suna iya fitowa kafin azahar. Na dubi gabas, wallahi na duba. Inna ba ta yi mini faɗa ba, ba ta ma daina jefa iri ba sai da ta iso inda nake. Ta karɓi sungumin daga hannun Ladan ta miƙo mini ta ce, "Riƙa. Hannunai ya gaji, kuma ƙasa na bushewa."

Ban yanke shawara ba, kada wani ya ce na yi jarunta. Hannuna ne ya karɓa don ya saba. Na sara rami ɗaya, na yi taku, na sara na biyu, ina kuka kamar yaron goye. Samarin suka tofar da yawu suka juya. Babu wanda ya iya taɓa ramin a gaban tsohuwa.

Daga ranar na zama mai shakka. Wanda na sha fura da shi jiya ya gan ni ya sauya hanya. Aka aiko mini cewa ranar da za a tashi, ko na bi ayari za a kore ni. Ina noman firi ina waiwaye, in iska ta kaɗa wani farin zane a kan shinge sai fartanya ta faɗi daga hannuna. Yau yara suna gardamar addini a bakin shago da rediyo a kunne, su gama su sayi shayi tare. Mu a wurinmu gardamar wuta ce da aljanna, kuma kowa yana ganin gobe za a raba. Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi. Gidajen da ba su shuka ba sun ga yunwa a shekarar da kowa ya ƙoshi. Wasu suka bi marini gabas da ƙafa, ba mu sake jin labarinsu ba. Mu mun ci geron Ladan, ɗan gajere mai ƙaiƙayi, shi ya raya ɗana na fari. Amma duk wannan daga baya ne, ranar da ta fi tsaya mini ita ce ranar da kwana arba'in suka cika.

Kowa ya zo, masu yaƙini a gaba, mu a can baya jikin katanga kamar kutare. Da hantsi asabari ya motsa. Malam ya fito yana dafa bango, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito, ya kare ido da hannu saboda haske. Aka yi kabbara a hankali. Kowa ya miƙa wuya yana jiran ya ji rana da sa'a. Shi kuwa ya shaƙi iska, ya dubi ciyawar da ta fito a gindin katanga, ya yi murmushi.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ruwa bakwai na ƙirga bisa jinka. Hatsi ya kai ina? Ya kai gwiwa?"

Wani dattijo mai 'ya'ya tara, wanda ya fara kai daminsa, ya zame ya zauna a ƙasa. Malam ya bi fuskoki da kallo yana neman mai ba shi labari, har idonsa ya iso kaina a can baya.

Ya ce, "Kai, ɗan mai dogon gero, mi kaka yi nan baya? Matso. Na ubanka nika son gani bana. Ya tsira da kyau?"

Aka dare mini hanya. Na zo na durƙusa. Na ce, "Mun sha shi, Malam."

Ya ce, "Kun mi?"

Na ce, "Irin. Hura anka yi da shi."

Murmushin bai gama barin fuskarsa ba. Ya ce, "Ku wa?"

Na ce, "Mu duka. Ranan ni na aje maka naka bakin ƙohwa."

Malam ya juya a hankali ya dubi bakin bukkar. Ƙoƙon yana nan inda ya mayar da shi, ya wanke shi tas ya kife.